Daphne Akhurst, Gwanar Tanis ta Ostireliya (1903-1933)

 

  

Laccar yau a nan Takieta a kan mace ɗaya ce, Daphne Akhurst, ƴar ƙasar Ostireliya. Ta ci babbar gasar tanis ta ƙasarta sau biyar tsakanin 1925 da 1930, kuma kofin da ake miƙa wa macen da ta lashe Australian Open a birnin Melbon kowane watan Janairu da sunanta ake kiransa har yau. Wani zai ce, ina ruwan Takieta da ƴar wasan da ta rayu a can ƙarshen duniya kusan shekara ɗari da suka wuce? Ruwan yana cikin tambayar da tarihinta ya tayar: wanda ya gagara a gida, amma gidan nasa yana nesa da inda manya ke karawa, da me za a auna shi? Za a bi maganar a batutuwa shida.

Na ɗaya: wasan da zamaninsa

Tanis irin na yau a Ingila aka fara shi a shekarun 1870. An buɗe gasar Wimbledon a 1877 ga maza, mata kuma sai a 1884 aka ba su tasu. Ingilishi sun tafi da wasan duk inda suka zauna, har Ostireliya, inda aka fara gasar ƙasa ta maza a 1905. Matan can sun jira shekara 17 kafin a buɗe musu ƙofa a 1922, kuma Margaret Molesworth ce ta ci ta farko da ta biyu.

Tun da ba kowa ne a zauren nan ya taɓa ganin wasan ido da ido ba, ya kamata a ɗan bayyana shi, don alƙaluman da ke tafe su yi ma'ana. Filin yana da tsawon mita 23.77, faɗinsa mita 8.23 idan mutum biyu ne ke karawa, mita 10.97 idan bibbiyu ne. An raba shi da raga wadda tsayinta a tsakiya bai cika mita guda ba. Kowa na riƙe da raket, yana doka ƴar ƙwallo ta tsallake raga ta faɗa cikin layin abokin karawa. Wanda ya kasa mayar da ita kafin ta taɓa ƙasa sau biyu, ko ya doka ta waje, ko ya sa ta a raga, ya ba da maki. Maki ne ke taruwa su zama wasa, wasa shida da ratar biyu su zama turmi guda, kuma a wajen mata wadda ta riga cin turmi biyu ita ce da nasara. A zamanin Akhurst, idan aka yi kankankan a turmi, ci gaba ake yi har sai ɗaya ta ba da ratar biyu, ko da za a kai faɗuwar rana. Hanyar taƙaita turmi da ake bi yanzu sai a shekarun 1970 ta shigo.

A kan ciyawa ake buga gasar a lokacin. Raket na katako ne, ƙwallo fara, mata kuma cikin farar riga mai sauka ƙasa da gwiwa da dogayen safa, a watan Janairu, wanda a Ostireliya tsakiyar zafi ne, daidai lokacin da nan ake fama da hunturu. Babu kuɗin lada. Doka ta hana ɗan wasan gasa ya ci abinci da wasansa, kuma haka abin ya zauna har 1968. Duk wadda aka gani a fili, to, tana da sana'arta, ko kuwa gidansu na da abin ɗaukar ta.

Na biyu: yarinyar Ashfield

An haifi Daphne Jessie Akhurst ranar 22 ga Afrilu 1903 a unguwar Ashfield ta birnin Sidni, shekara huɗu ke nan bayan shigar Faransawa Damagaram. Mahaifinta ma'aikacin ɗab'i ne. Ta yi karatu a makarantar ƴan mata ta Normanhurst, a nan unguwarsu, daga baya ta shiga babbar makarantar koyon kiɗa ta Sidni. Piyano take kaɗawa, kuma koyar da shi ya zama sana'arta. Wato macen da duniya ta sani da raket, da koyar da yara kiɗa take samun na kashewa.

A makaranta ta fara fice a tanis, ta riƙa cin gasar ƴan mata ta makarantun jiharsu, New South Wales. A lura da wannan, malamai. Kafin a yi maganar kofin ƙasa, akwai fili a makaranta, akwai hukumar makaranta da ta yarda yarinya ta yi gudu ta yi gumi, akwai kuma gasa tsakanin makarantu inda za a gane wadda ta fi. Da ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, da wa zai san akwai wata Daphne a Ashfield?

A 1924, tana da shekara 20, ta je gasar ƙasa a Melbon. Ba ta ci wasan ɗaiɗai ba, amma ta komo da kofi biyu: na mata bibbiyu tare da Sylvia Lance, da na namiji da mace tare da John Willard.

Na uku: kofi biyar, da macen da ta sha wuya a hannunta

A wancan zamani gasar ba ta da mazauni guda. Zagayawa take yi tsakanin manyan birane, bana Sidni, baɗi Adelaide, sannan Melbon. Tafiyar ma kanta aiki ce. Mai zuwa Melbon daga Sidni sai ya sauka a garin Albury ya canja jirgin ƙasa, domin faɗin layin dogo na jihohin biyu bai zo ɗaya ba.

A 1925 gasar ta zo Sidni, garin su Akhurst, ta kai wasan ƙarshe, ta tarar da Esna Boyd ta Melbon. Boyd ta riga ta kai wasan ƙarshe sau uku a jere, 1922 da 1923 da 1924, ana doke ta, don haka da yunwar kofi ta shigo. Ta cinye turmin farko 6 da 1. Duk mai kallo a ranar zai ce an gama. Turmi na biyu ya ja har 8 da 6, Akhurst ta ɗauka, ta kuma ɗauki na uku 6 da 4. Ta haɗa da kofin mata bibbiyu da na namiji da mace, ta share gasar baki ɗaya.

A 1926, shekarar da Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mayar Yamai, an sake haɗuwa a Adelaide. Wannan karon ba a ja ba: 6 da 1, 6 da 3. Boyd ta faɗi wasan ƙarshe na biyar a jere ke nan. Jama'a, mutum nawa ne zai faɗi a bakin kofi shekara biyar ya sake ɗaura takalmi ya dawo? Ta dawo, kuma a 1927 ta ci, ta doke Sylvia, wadda a lokacin ta yi aure ana kiranta Harper. A shekarar ce aka sauya wa gasar suna daga ta yankin Ostireliya da New Zealand ta zama ta Ostireliya kaɗai.

Murnar Boyd shekara guda ta yi. A 1928 a Sidni Akhurst ta karɓe kofin daga hannunta, 7 da 5, 6 da 2. Abin sha'awa, su biyun ne kuma suka haɗa kai a gasar suka ci na mata bibbiyu. A wasan namiji da mace kuwa Akhurst ta yi abokin wasa da baƙo, Jean Borotra na Faransa, ɗaya daga cikin gwanaye huɗu da suka riƙe tanis ɗin Faransa a lokacin, wanda ya zo ya ci gasar maza ta shekarar. A 1929 ta doke ƙawarta Louie Bickerton 6 da 1, 5 da 7, 6 da 2, ta kuma sake share kofuna ukun a karo na uku. A 1930 a Melbon ta yi wasan ƙarshe mafi tsawo a rayuwarta da Sylvia Harper: 10 da 8, 2 da 6, 7 da 5. Wasa 38 ke nan cikin rana, babu kujerar hutawa a gefen fili irin ta yau.

Alƙaluman nan suna faɗin halin mai su. Sau biyar ta kai wasan ƙarshe na ɗaiɗai, sau biyar ta ci. Uku daga ciki sai da aka kai turmi na uku, kuma a kowanne an ci ta turmi guda, wani ma cin kaca, amma ba ta rikice ba. Waɗanda suka rubuta a kanta sun fi yabon ta da rashin yawan kuskure da mayar da ƙwallo komai wuya, fiye da ƙarfin duka. Irin wannan ɗan wasa ba ya burge ƴan kallo a minti goman farko. Sai an yi awa biyu, ƙafa ta yi nauyi, sannan ake gane shi.

Jimlar abin da ta ci a gasar ƙasa kofi 14 ne: biyar na ɗaiɗai, biyar na mata bibbiyu a 1924, 1925, 1928, 1929 da 1931, huɗu na namiji da mace a 1924, 1925, 1928 da 1929.

Na huɗu: nisa, da tafiyar 1928

A nan ne zuciyar maganar take, don haka za a ɗan daɗe.

Mai adalci dole ya tambaya, kofunan nan biyar, su wa aka doke aka same su? Gaskiya ita ce, gasar mata ta Ostireliya a shekarun 1920 ta ƴan gida ce. Sunayen da ake gani a wasan ƙarshe ba su wuce biyar ko shida ba, su ne dai kullum: Molesworth, Boyd, Harper, Akhurst, Bickerton. Manyan duniya biyu na zamanin, Suzanne Lenglen ta Faransa, wadda ta ci Wimbledon sau shida, da Helen Wills ta Amurka, wadda ta ci sau takwas, babu wadda ta taɓa buga gasar Ostireliya. Baƙuwa ba ta ci kofin ba sai a 1935, lokacin da Dorothy Round ta Ingila ta zo ta ɗauka.

Dalili kuwa ba raini ne kaɗai ba. Tsakanin Sidni da Landan kimanin kilomita 17,000 ne. Jirgin sama na fasinja bai fara wannan hanya ba tukuna. Jirgin ruwa ake shiga, a ratsa tekun Indiya, a bi ta mashigin Suwez, a yi fiye da wata guda bisa ruwa. Ga wadda za ta je wasa, wata gudan nan asara ce biyu: babu aikin da ke kawo kuɗi, babu kuma filin motsa hannu, sai ɗan zagaye a saman jirgi. In ta sauka tana buƙatar makonni kafin jiki ya dawo. Tafiya da wasa da dawowa sukan cinye rabin shekara. Malamar kiɗa da ke rayuwa da kuɗin darasi, wa zai biya mata wannan? Maza sun fi samun hanya, domin akwai gasar kofin Davis da hukumar wasan ke tura su, kuma tun 1907 Norman Brookes ya ci Wimbledon. Mata ba su da irin wannan gasa, sai an tashi musamman an nema musu kuɗin jirgi.

Mutanen kokawa sun san wannan matsala sarai. Ɗan kokawa yakan kayar da kowa a karkararsu shekara da shekaru, makaɗa na wasa shi, amma ba a sanin nauyinsa na gaskiya sai ranar da jiha ta ɗauke shi zuwa gasar takobi, ya kama da na Doso da na Tawa da na Maraɗi. Wani a nan ake gane ashe ƙaramin fili ne ya sa ya yi girma. Wani kuma a nan ake gane ashe tun da can ya fi ƙarfin garinsu.

Sau biyu Akhurst ta sami wannan dama. A 1925 aka tura tawagar matan Ostireliya ta farko zuwa Turai, tana ciki tare da Boyd da Harper. A Wimbledon ta kai zagayen ƴan takwas, Joan Fry ta Ingila ta fitar da ita, Fry kuwa ita ce ta je wasan ƙarshe ta faɗi a hannun Lenglen. Ga wadda ba ta taɓa taka filin ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai isa a yanke hukunci ba.

Tafiyar 1928 ce ta yanke. A gasar Faransa, wadda ake bugawa bisa jar ƙasa, filin da ba ta saba da shi ba, ta kai zagayen ƴan takwas. A Wimbledon ta kai wasan kusa da na ƙarshe na ɗaiɗai, inda Lilí de Álvarez ta Sifen ta tsayar da ita. Álvarez ɗin nan shekara uku a jere, 1926 zuwa 1928, tana kai wasan ƙarshe na Wimbledon, don haka faɗuwa a hannunta ba abin kunya ba ne. A mata bibbiyu ma ta kai kusa da na ƙarshe. A na namiji da mace, ita da wani saurayi ɗan Sidni mai shekara 20, Jack Crawford, suka kai wasan ƙarshe, Patrick Spence na Afirka ta Kudu da Elizabeth Ryan ta Amurka suka doke su. Crawford ɗin shi ne ya zo ya ci Wimbledon a 1933. Daga Ingila ta wuce Jamus ta ci gasar ƙasar a birnin Hambug, kofin da a shekarar da ta gabata yake hannun Cilly Aussem, gwanar Jamus da ta ci gasar Faransa da Wimbledon a 1931.

A wancan lokaci babu kwamfuta mai lissafa matsayin ƴan wasa. Wani ɗan jarida na Daily Telegraph ta Landan, Wallis Myers, shi ke fitar da jerin gwanaye goma a ƙarshen kowace shekara, kuma duniyar tanis ta yarda da jerinsa. A 1928 ya sa Helen Wills ta ɗaya, Álvarez ta biyu, Daphne Akhurst ta uku.

To, hukunci ke nan. Ba ta kai Wills ba, kuma babu wadda ta kai Wills a shekarun nan. Amma ta nuna kofunanta na gida ba na banza ba ne, domin matan da take fama da su a Sidni da Melbon sun horar da ita har ta iya tsayawa gaban kowa in ban da mutum biyu. A nan Esna Boyd ta cancanci a sake ambaton ta. Wadda ba ta da mai matsa mata a gida, da wuya ta yi ƙarko a waje.

Ba ta sake komawa Turai ba bayan 1928. Tana da shekara 25 a lokacin, shekarun da ɗan tanis ke kan ganiyarsa. Wimbledon biyu kacal ta buga a rayuwarta, alhali takwarorinta na Ingila kowace shekara jirgin ƙasa kawai suke shiga su je. Sai a 1963 ƴar Ostireliya ta ci Wimbledon na ɗaiɗai, wato Margaret Smith, a zamanin da jirgin sama ya mayar da tafiyar wata guda ta kwana biyu.

Na biyar: aure da rasuwa

Ranar 26 ga Fabrairu 1930, ƴan makonni bayan kofinta na biyar, ta auri Royston Cozens, mai sana'ar sarrafa taba a Sidni. Daga nan ta janye daga manyan wasannin ɗaiɗai. Ta fito a 1931 da sunan mijinta ta ci na mata bibbiyu tare da Louie Bickerton, shi ne kofinta na ƙarshe a gasar ƙasa. Ta haifi ɗa namiji guda.

Ranar 9 ga Janairu 1933 ta rasu a Sidni tana da shekara 29, sanadin cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

A nan za a ɗan ratse daga tanis, saboda iyaye mata da ke zaune, da mazajensu. Ciki yakan fara ne a ƴar siririyar hanyar da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa, sannan ya gangara ya zauna a mahaifa. Wani lokaci ba ya gangarawa, sai ya maƙale a hanyar ya ci gaba da girma. Hanyar ba ta da faɗin ɗaukar sa. In ta fashe, jini ke zuba a cikin cikin mace inda ido ba ya gani, kuma awoyi kaɗan sun isa a rasa ta. Likitoci na ƙiyasta cewa cikin kowane ciki ɗari, ɗaya zuwa biyu irin wannan ne. Alamominsa sukan bayyana a watannin farko: ɓatan wata, sannan ciwon mara mai tsanani, sau da yawa a gefe guda, ɗigar jini, jiri ko suma, wani lokaci har da ciwo a kafaɗa. An san yi masa aiki tun 1883, amma a 1933 babu na'urar hoton ciki, babu ma'ajiyar jini irin ta yau, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma bai shiga hannun likitoci ba. Yau duk akwai su. Abin da ke kashewa yanzu jinkiri ne. Daga Takieta zuwa babban asibitin Damagaram kimanin kilomita 50 ne bisa kwalta. Macen da ta ga waɗannan alamu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce a bari gari ya waye, a kai ta likita. Idan ciwon nan ya kayar da macen da ta buga wasa 38 cikin rana ba ta gaji ba, wace ce za ta ce ƙarfin jikinta zai tsare ta?

Ƴan shekaru bayan rasuwar Akhurst, mijinta ya auri ƙawarta Louie Bickerton.

Na shida: kofin da matsayinta

Shekara guda bayan rasuwarta, a 1934, aka fara ba da kofin tunawa da ita ga zakarar mata, kuma Joan Hartigan ce ta fara ɗaga shi. Na maza kuwa sunan Norman Brookes aka sa masa. Gasar ta sauya kama ƙwarai tun daga nan. A 1969 ta zama Australian Open, a buɗe ga masu cin abinci da wasa. A 1988 ta bar ciyawa ta koma sabon fili mai tauri a Melbon. Macen da ta ci a 2025, Madison Keys ta Amurka, ta karɓi dalar Ostireliya miliyan 3.5, daidai da na namijin da ya ci. Akhurst ko sisi ba ta samu ba a kofi 14.

A yawan cin gasar, mata uku ne kaɗai suka wuce ta: Margaret Court, wato Margaret Smith bayan aure, sau 11, Serena Williams sau 7, Nancye Wynne Bolton sau 6. Ba daidai ba ne a jera alƙaluman nan kamar zamani ɗaya ne, domin Serena sai ta doke mutum bakwai daga cikin 128 da suka zo daga ko'ina a duniya kafin ta taɓa kofin. Amma kuma Serena ta yi fiye da shekara ashirin tana zuwa Melbon, Akhurst kuwa duka wasanta na gasar ƙasa tsakanin 1924 ne da 1931. An shigar da sunanta zauren tunawa da gwanayen tanis na Ostireliya a 2006, na duniya kuma da ke Amurka a 2013, shekara 80 bayan rasuwarta.

Har yanzu babu ƴar Afirka da ta ɗaga kofin Akhurst. Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai zagayen ƴan takwas a Melbon a 2020, ta kuma kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Angella Okutoyi ta Kenya ta ci Wimbledon na ƴan mata bibbiyu a 2022. A ƙasar Hausa ma wasan ba baƙo ba ne, domin Kano ta daɗe tana shirya gasar Dala, kuma hanyar Kano ta nan Takieta take ratsewa ta bi Matamaye. Nisan da ya tsare Akhurst na teku ne. Wanda ke tsare yarinyar karkara a yau ya fi shi gajarta ƙwarai: daga aji zuwa filin makaranta, daga filin makaranta zuwa gasar jiha.

Roƙo ga shugabannin makarantu da hukuma shi ne, filin da aka faɗi awonsa a farko, mita 24 ne a tsaye, 11 a kwance, kuma da wuya a sami makarantar da ba ta da wannan a harabarta. Ko ba tanis ba, ko gudu ne ko ƙwallon hannu ko ta raga, a ware wa ƴan mata lokacinsu a fili, a shirya musu gasa tsakanin makarantun gunduma, a rubuta sunayen waɗanda suka ci a ajiye, wadda ta yi fice kuma a nemi izinin iyayenta a biya mata kuɗin mota zuwa Damagaram.

  Yanzu fili na masu tambaya ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma a bar ƴan makaranta mata su fara.